Shirun Ɗakin Mai Agogo

Mai Agogo ba mutum ne mai magana ba. Shekara talatin da ɗoriya yana zaune a shagonsa da ke ƙasan bene, gilashi a ido ɗaya, ɗan hantsaki a hannu. In ka kawo masa agogo zai karɓa, ya kara a kunne, ya ce maka "jibi." Hirar ke nan ta ƙare. In'ina ce da shi tun yana yaro, ba mai tsanani ba, amma muguwa ce, irin wadda take laɓewa sai mutane sun taru sannan ta shaƙe mutum. Da ya ga haka sai ya koyi tsimin kalmomi.

To wai wannan mutumin ne yake da shirin fodkas, irin shirin muryar nan da ake ɗorawa a intanet, har mutum dubu arba'in suna jiran fitowarsa kowane mako. Maƙwabtansa ma ba su sani ba. Da za a gaya wa mai wankin da ke kusa da shagon, sai ya yi dariya har ya ƙona rigar mutane.

Matarsa ce ta jawo. Akwai wata durowa a shagon cike da agogunan da aka kawo gyara ba a dawo an karɓa ba, kuma kowanne ya san mai shi. Da yamma in ya hau sama sai ya ɗauko ɗaya ya hau ba ta labari: wannan na direban da ya ce zai dawo bayan tafiya ɗaya ne, wannan na malamar da ta zo tana kuka. A gabanta harshensa ba ya sarƙewa ko kaɗan.

"Kai dai a waje kamar an ɗinke maka baki," in ji ta wata rana, "a gida kuwa ka hana ni sakat. Ka je ka gaya wa duniya mana, ko na samu in huta."

'Yarsu ta ji, ta ɗauki maganar da gaske. Kafin aiki ya kai ta wani gari mai nisa, ta sayo makirufo, ta koya wa uban yadda ake ɗaukar murya a kwamfuta da yadda ake yanke ta. Suka sa wa shirin suna Agogon da Ba a Karɓa Ba.

Ga yadda yake aikin. Ranar Asabar da la'asar zai rufe shago, ya hau sama, ya bi agogunan bango guda bakwai ya tsayar da su ɗaya bayan ɗaya, ya rataya bargo a taga. Matar ta zauna a kujerar da ke fuskantarsa da ɗinkinta, don ita yake ba wa labarin, makirufo ɗan rakiya ne. Duk da haka in'inar takan leƙo, tunda ta san akwai baƙo a ɗakin. Sai ya kwashe kwana uku yana bin muryar yana tsince ta, harafi bayan harafi, da haƙurin nan na masu gyaran agogo. Shirin minti goma, aikin kwana uku.

Amma yankan yana barin rami. Duk inda aka cire wani abu sai wurin ya mutu murus, kunne kuma yana ganewa. 'Yar ta ce maganinsa shi ne a ɗauki shirun ɗakin na minti ɗaya, a riƙa gutsura ana like ramukan da shi, domin kowane ɗaki da irin shirunsa.

"Ki yi shiru na minti ɗaya," ya ce wa matar.

"Ni? Har minti guda?"

Ta yi kuwa. Sai dai tana da asma, ƙirjinta yana ɗan fito in ta ja numfashi, ga kuma zare yana ratsa yadi a hankali. Duk suka shiga cikin fayil ɗin. Ya sa masa suna "shiru."

Yau shekara biyu da wata huɗu da rasuwarta. Sau ɗaya ya gwada ɗaukar sabon shiru, ya saurara, ya ji ɗakin fayau kamar an kwashe kayansa, ya goge. Ya ci gaba da gutsurar tsohon. Don haka duk inda ya ɗan tsaya a cikin shirin, tsakanin wannan kalma da waccan, tana nan zaune tana numfashi. Ba wanda ya sani, har 'yarsa. Abu ɗaya ne ba ya yi: ba ya barin fayil ɗin ya wuce daƙiƙa hamsin da takwas. Ya san abin da ke bayan nan, kuma zuciyarsa ba za ta ɗauka ba.

Ana nan sai ga saƙo. Ƙungiyar masu fodkas ta zaɓi shirinsa a matsayin gwanin ba da labari na shekara. Za a sa minti uku na shirin a zauren taro, sannan ya hau ya yi jawabi na minti biyar. Ya karanta "minti biyar" sau uku. Suka ce ya tura duk fayilolin kashi ɗaya na shirin, ya tura.

Bayan kwana biyu mai haɗa sautin taron ta kira shi. Mace ce mai fara'a da saurin baki, da ji ka san ta iya aikinta.

"Baba, ina taya ka murna. Ni ma mai sauraronka ce. Sai dai akwai wata 'yar ƙara a ƙarƙashin muryarka, kamar iska na shiga ta kafar ƙofa. A waya ba a ji sosai, amma manyan lasifikoki za su tona ta. Na wanke maka ita tas."

"Ƙa... ƙarar nan..."

"Kada ka damu, Baba, ba laifinka ba ne. Kowa da irin tasa, wani fanka, wani firji. Zan turo maka ka ji."

"Na gode," in ji shi.

Ka ji fa. An goge masa matarsa, ya ce ya gode.

Ta turo, ya sa a kunne. Gaskiya aiki ya yi kyau. Muryarsa ta fito tangaram, kamar ta mutumin da bai taɓa tuntuɓen harshe ba, tana tafiya ita kaɗai a cikin wani wuri marar bango marar kujera. Ya cire abin kunnen ya ajiye. Kaɗaici ya sani, sun saba, amma bai taɓa jin sa da muryarsa ba sai ranar.

Sau uku yana rubuta wa mai haɗa sautin saƙo yana gogewa. Me zai ce? Ki mayar da ƙarar, matata ce? Za ta ce tsohon ya fara taɓuwa. Ya kira 'yarsa da niyyar ya gaya mata, sai ya ji jaririnta yana tsala kuka, ita kuma tana ta ba shi haƙuri cewa ba za ta samu zuwa ba.

"Zan rubuto maka jawabin, Baba. Ka karanta kawai, kada ka ɗaga kai ka kalli kowa. Kafin ka ankara an gama."

Ta rubuto, godiya ga wannan, godiya ga wancan. Ya yi mako guda yana karanta wa agogunan bango, su kuma suna ta tik-tik ɗinsu ko a jikinsu.

Ranar taron ya isa da wuri, da tsakar rana, cikin rigarsa mai kyau. Zauren otal ne, sanyi kamar cikin firji. Matasa ne cike, kowa da kati a wuya, suna rungumar juna, suna zuba magana kamar an kunce famfo. Ba wanda ya san fuskarsa. Wani ma ya tare shi cikin ladabi ya ce, "Baba, ɗanka ka rako ne?" Ya buɗe baki zai amsa, kalmar ta maƙale, mutumin ya yi murmushi ya wuce.

An ajiye masa kujera biyu a layin gaba, ɗaya tasa, ɗaya an rubuta "abokin tafiya." Ya ɗora hularsa a kanta don kada ta zauna haka.

Da aka zo kansa, aka rage fitilu, aka sa minti ukun. Wankakkiyar muryar ta cika zauren, mutane suka yi tsit, aka gama aka hau tafi. Shi kuwa ji ya yi kamar wani ake yi wa. Ya tashi, ya taka matakala uku, aka miƙa masa lambar yabon, wani ɗan gilashi mai nauyi da siffar makirufo. Ya ajiye, ya warware takardar 'yarsa. Ya fara karantawa.

"Ina m-m-m..."

Nan in'inar ta shaƙe shi. Ya sake gwadawa, ta sake shaƙe shi. Wani ya yi tari a baya. Ya ga mutumin da ya tambaye shi ɗazu ya sunkuyar da kai don kunya. Ba kwamfuta, ba kwana uku, ba abin da zai like ramin da shi. Kuma a cikin ramin nan ne ya gane cewa in ya sauka daga nan bai faɗa ba, to an ba shi lambar ne a kan ɗakin da babu ita a ciki, kuma shi ya yarda.

Ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Wa-wanda kuka ji ɗazu," ya ce, "gyara shi na yi. Ni ne wa-wannan."

Ya ci gaba, yana faɗuwa yana tashi. Ya gaya musu kwana ukun da yake yi yana tsintar in'ina. Ya gaya musu agogo bakwai da bargon taga. Ya gaya musu kujerar da ke fuskantarsa da wadda take zama a kai, da yadda ta ce ya je ya gaya wa duniya ta huta. Aka yi 'yar dariya, ya jira ta wuce. Minti biyar suka cika, agogon hannunsa ya gaya masa, bai kula ba.

Sannan ya juya wajen teburin da ke gefe, inda mai haɗa sautin take zaune.

"'Yata, ai-aikinki ya yi kyau. Ni ne ban gaya miki ba. Ƙarar nan da kika wanke, nu-numfashin matata ne. Ta rasu. Yana cikin abin da na turo miki, sunansa shiru. Ki sa musu, don Allah. Tare muka yi shirin."

Mai haɗa sautin ta dafe baki. Ta lalubo fayil ɗin, ta danna.

Mutum ɗari huɗu suka zauna suna sauraron wani ƙaramin ɗaki. Da fari kamar ba komai. Sai kunne ya saba, aka fara jin ɗan fiton ƙirji yana shiga yana fita, da zare yana ratsa yadi, ya tsaya, ya sake ratsawa. Mai Agogo bai taɓa jin ta da girma haka ba. Idonsa na kan hannun daƙiƙa na agogonsa. Arba'in. Hamsin. A hamsin da bakwai ya ɗaga hannu alamar a tsayar.

Mai haɗa sautin ba ta gani ba. Ta rufe ido, kanta a sunkuye.

"To, Malam mai rediyo," in ji muryar matarsa daga kowace kusurwa ta zauren, "ya isa haka, ko sai na shiɗe maka?"

Sai dariyarta, da tarin da ya biyo baya. Sai kuma muryarsa ta wancan lokacin, sumul ba gargada, yana dariya yana cewa, "Ya isa, ya isa." Fayil ɗin ya ƙare.

Wasu sun fara dariya, suka haɗiye ta. Shi dai ya ɗauki gilashinsa ya sauko. Tafin da aka yi bai ji shi sosai ba.

Bayan taro mutane suka yanyame shi, wannan hoto, wannan lambar waya, wani yana so ya gayyace shi shirinsa. Mai haɗa sautin ta zo da jajayen idanu tana ba shi haƙuri, ya ce ba komai, kuma har zuciyarsa ba komai ɗin. Daga nan kowa ya kama gabansa, biyu-biyu, uku-uku. Ya ɗauki hularsa daga kujerar abokin tafiya, ya hau bas, gilashin a kan cinyarsa.

Ya isa gida rana ba ta faɗi ba. Ya rasa inda zai ajiye lambar, ya ɗora ta a kan teburi kusa da makirufo. Ya bi agogunan bakwai ya tsayar da su, ko da yake ba Asabar ba ce. Ya zauna a wurinsa, ya kunna kwamfuta, ya buɗe "shiru," ya naɗe hannayensa a ƙirji don kada su yi abin da suka saba.

Hamsin da bakwai. Hamsin da takwas.

"Ya isa haka, ko sai na shiɗe maka?"

Ya dubi kujerar da ke fuskantarsa.

"Bai isa ba," ya ce mata, ba tare da harshensa ya sarƙe ba. Ya mayar da fayil ɗin zuwa farkonsa.