Rigar da Piroska Ta Rina

Ƙanwata Piroska a gida take karatu tun da ciwon ƙoda ya kama ta. Sunanta na cikin 'yan ajin ƙarshe a makarantar garinmu, amma jarrabawa kaɗai ke kai ta can. Da bikin rawar ajin ya matso, wanda 'yan mata ke fitowa cikin fararen riguna, kowacce da abokin rawarta, ta ce ita ma da ita za a yi.

Sauran 'yan matan hayar riga suke ɗauka. Ita kuwa ta jawo keken ɗinkin kakarmu, ta yanka farin yadi a teburin cin abinci. In na dawo daga wurin tsaga katako, ni ne abokin gwajinta a kicin.

"Yaya Ambrus, rawa na ce, ba tattaka kabeji ba!"

"Ai ke kika ɗauko doki, sarauniyar teloli."

Ranar da ta kalmashe bakin rigar, Mama ta aike ni wurin Malama Somogyi mai shirya bikin, in ji da wa za a haɗa ta. Malamar ta karɓe ni da mutunci. Ta ce tun farkon zango yara ke gwaji bibbiyu, ba namijin da ya rage. Na ce ni fa? Ta ce sai ɗan aji.

"Ta zo ta zauna cikin iyaye, za mu ji daɗin ganinta."

Na daɗe a hanya kafin na shiga gida. Piroska ta saurare ni har na gama.

"Cikin iyaye da farar riga? Kowa zai gane wadda aka bari ce."

"To ki sa shuɗiyar rigarki."

"Wannan na ɗinka, Yaya."

Washegari ta tara ɓawon albasa, irin wanda muke rina ƙwan Ista da shi, ta dafa a babbar tukunya. Ni na riƙe mata sanda tana danna rigar. Rinin bai kama daidai ba, leshin ya yi duhu, jikin ya fito kalar shayi. Mama ta shige ɗaki. Haka Piroska ta goge abarta ta sa.

A zauren bikin muka zauna can baya. Da fararen riguna suka shigo, wata tsohuwa ta taɓo Piroska.

"'Yan mata, wa kika zo kallo?"

Piroska ta duba layin, ta nuna wata yarinya da ba mu ko san sunanta ba.

"Waccan ta ƙarshe," in ji ta.