Ruwan Gindin Dutsen Kagoro

Da Farfesa Gershon Kumai ya yi ritaya daga jami'a, ya dawo Kagoro da akwatuna cike da duwatsu, har ƙannensa suka riƙa yi masa dariya. Aikinsa ke nan tun yana saurayi: bin tsagar duwatsu da lanƙwasarsu, don a san abin da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa, ko kuza ko ruwa.

Bai daɗe da dawowa ba sai ga Silvanus, abokinsa tun makarantar mishan, yanzu dattijon ikilisiya.

"Gershon, mun sa an haƙa rijiyar burtsatse, ko ɗigo babu. Matanmu har yau rafi suke zuwa. Zo ka duba mana."

Washegari suka fita, Gershon da 'yar gudumarsa, Silvanus da sandarsa. Hanyar da suke bi a guje suna yara, yanzu sai sun huta. Inda gonar cittar mahaifin Gershon take ya zama shaguna da wurin cajin waya. Tsohon ajinsu yana nan, amma rufin ya zube.

Nan Silvanus ya tuna masa da malaminsu, Malam Jonathan, wanda ya hau da su Dutsen Kagoro wata ranar Asabar, ya ɗora wa Gershon wani farin dutse mai ƙyalli a tafin hannu, ya ce ya je ya nemo sunansa.

"Ka samo sunan kuwa?"

"Na samo," in ji Gershon. "Ina ta cewa sai hutu ya zo in je in gaya masa. Ina Turai ya rasu."

Suka ƙarasa gindin dutsen. Can Gershon ya durƙusa da ƙyar, ya shafa wata tsaga a jikin dutsen, ya bi ta da ido har inda ta nutse cikin ƙasa bayan majami'a. Ya yi kwanaki yana komawa yana awo kafin ya kafa turke kusa da wata bishiyar mangwaro, ya ce a haƙa a nan.

Ranar da ruwa ya fito, mata suka ɓarke da waƙar yabo. Stella, matar Silvanus, ta miƙa masa kofin farko. Ya kurɓa, ya ɗan tsaya.

"Da ɗanɗanon ƙarfe kaɗan. Ya kamata a kai a gwada."

"Za a kai," in ji Silvanus. "Miƙo in sha ni ma."