Makullin Durowa da Makullin Moto

Mahamud tela ne a kasuwar Dole, mutum mai sallah a kan lokaci, mai tsoron Allah da tsoron bakin mutane. Ɗansa na fari, Yunusa, shekararsa goma sha biyar, yana kwaleji. Mahamud bai taɓa kama sunan yaron a bakinsa ba. Kunyar ɗan fari ce, haka ya taras a gidansu cikin Birni. "Kai" yake ce masa, in kuma zancensa zai yi da matarsa Indo sai ya ce "yaron nan". Yana son yaron har cikin ransa, amma ko hira ba su taɓa zama sun yi ba.

Kawun yaron, Sani, shi ya aiko masa da salula daga Agadas. Tun ranar hankalin Mahamud ya tashi, kuma Yakuba mai yadi, maƙwabcinsa a kasuwa, ya dinga ƙara masa wuta.

"Tela, kana nan kana taka keke, ɗanka na can wata duniya," in ji Yakuba. "An ce wani yaro ta waya aka yaudare shi, ya bi hanyar arewa, har yau shiru."

"Yaron wa?"

"Oho, haka dai aka turo mini."

"A cikin wayar taka?"

"To ni ai na girma, gemuna ya yi fari!"

Aka yi dariya, ban da Mahamud. Da ya koma gida da yamma ya iske Yunusa a zaure ya duƙufa kan wayar yana murmushi shi kaɗai. Ya miƙa hannu. Yaron ya durƙusa ya ba shi. Ya jefa ta a durowar ɗakinsa, ya kulle, ya ɗaura makullin a mazagin wandonsa.

Indo ta ce, "Malam, da ka tambaye shi abin da yake kallo."

"In tambaye shi ya ce mini me? Wa'azi? Ni dai ba za a lalata mini yaro ina ji ina gani ba."

Bazara ta yi tsanani. Famfon unguwa ya kwana tara bai ɗiga ba. Ruwa sai foraj, rijiyar burtsatse ta bakin gari, can hanyar Dogo. Mahamud yana da tsohon moto mai ƙafa biyu, makullinsa kullum a rataye a ƙusa bakin ƙofa, duk mai hannu ya ɗauka. Yunusa ke hawansa tun yana shekara goma sha uku, kuma uban har alfahari yake yi da hakan a kasuwa. Bido huɗu, manyan jarkoki, yake ɗaurawa, biyu dama biyu hagu, ba hular kwano, silifa a ƙafa. Birkin baya ya mutu tun azumi.

Sau ɗaya yaron ya yi ƙarfin hali, kansa a sunkuye.

"Baba, birkin nan fa…"

"Ka riƙa tafiya a hankali. Juma'a zan kai shi gyara."

Juma'a uku suka wuce. Ba rashin hali ba ne. Abin da mutum ya saba gani kullum a tsakar gidansa ba ya ba shi tsoro, shi ke nan. Yara nawa ne a Damagaram ke jigilar ruwa a moto? Kowa na gani, ba wanda ke turo wa wani labarinsu a waya.

Ranar wata Laraba, ba lakwal, makaranta a rufe, Yunusa ya fita da hantsi. Azahar ta yi bai dawo ba. Indo ta aika kasuwa. Mahamud ya cije leɓe.

"Na san inda yake," ya ce wa Yakuba. "Yana wajen abokai, ya ari wayar wani. Yau zai gane kurensa."

Ya ci gaba da ɗinkin wata riga har ya kai ta ƙarshe, ya sa mata maɓallai. Sai da aka yi la'asar wani ɗan kabu-kabu ya tsaya bakin rumfar, ya ce ya ga moto irin na tela a gefen kwalta, bido sun fashe, ƙasa ta shanye ruwan.

A gangaren shiga gari ne. Wani kamiyo, babbar motar kaya, ya tsaya a gaban Yunusa, nauyin ruwa ya tura moton, birki bai kama ba. Mutanen da suka ɗauke shi sun lalube aljihunsa ko za su sami waya su kira gida. Ba su sami komai ba sai igiyar roba. Yana da sauran numfashi har bayan azahar. Ya cika ba nasa ko ɗaya a kansa.

A asibiti wani jandarma ya buɗe littafi, ya ɗaga biro.

"Kai ne mahaifin?"

"Ni ne."

"Sunan yaron?"

Mahamud ya buɗe baki, harshensa ya yi nauyi. Jandarman ya jira.

"Yunusa," ya ce. Sai ya sake faɗi, ba wanda ya tambaye shi. "Yunusa."

Bayan sadakar uku, da mata suka watse, Indo ta shigo ɗakinsa da rana ta tsaya. Ba ta yi kuka ba.

"Malam, ba ni makullin."

Ya kwance ya ba ta. Ta sa wayar a caji, ta buɗe, don ita ta san lambar sirrin. Suka duba tare. Ƙwallo ce, ƙwallo, sai wasu samari masu rawar shirme. Akwai bidiyo ɗaya da in da Mahamud ya gani a da, da ya kai masa mari. Guda ɗaya. Sai kuma wani saƙon murya zuwa ga Kawu Sani, ranar da aka karɓe wayar. Mega ta ƙare, ba intanet, saƙon bai tafi ba.

Indo ta danna.

"Kawu, ina wuni. Don Allah ka yi wa Baba magana a kan birkin moton nan. Ni ina jin nauyinsa. Kar ka ce ni na faɗa."

Daƙiƙa goma sha ɗaya. A bayan muryar ana jin kaji, ana jin Indo tana kiran wani.

Yakuba ya zo gaisuwa, ya ce kwana ne ya ƙare. Mahamud ya ce haka ne, don haka ɗin ne. Amma ya san makulli biyu ne a gidansa, kuma ya san wanda ya ɗaura a jikinsa da wanda ya bari a ƙusa.

Wayar tana aljihun gaban rigarsa yanzu. Bai iya karatun boko ba, sai da Indo ta nuna masa inda zai danna. In kasuwa ta yi sanyi yakan tsayar da keke, ya juya wa Yakuba baya, ya kara ta a kunne.