Jinyar Kwalta

Aikina jinyar tsofaffi a gidajensu. Wanda 'ya'yansa suka gaji da ɗagawa, ko aiki ya hana su zama, ni ake kira. In juya mutum kada kwanciya ta ci masa baya, in goge masa jiki, in canza zanin gado yana kwance a kai, in ba shi abinci da cokali ina lallashi. Shekara da shekaru ke nan, kuma bayana ya shaida, don kullum da safe sai na roƙe shi kafin ya yarda ya miƙe. To ni da nake komawa gida don in huta da ɗaga mutane, sai ga maigida ya kawo mini majinyaci har baranda, kuma mai jela.

Kwalta karenmu ne, baƙi wuluk, shi ya sa yara suka laƙaba masa sunan tun suna gida. Yanzu duk sun kama gabansu, daga ni sai maigida sai shi. Yana da wata muguwar ɗabi'a ta kwanciya a ƙarƙashin motar dakon kaya da maigida yake tuƙawa, saboda inuwa. Shi kuma maigida kullum sai ya leƙa kafin ya tayar. Ranar da tsautsayin ya faɗa, waya ce a kunnensa, yana ta musu da mai kaya, ya shiga ya ja baya. Taya ta hau ƙafar baya ta dama. Likitar dabbobi ta ce ƙashin ya zama gari, babu abin haɗawa, sai dai a cire ƙafar gaba ɗaya.

Maigida ya dawo da shi an aske masa gefe guda har gadon baya, ga ɗinki dogo kamar bakin buhu, ga wani mazurarin roba a wuya don kada ya lashi ciwon. Ya sauke shi a baranda, ya ja da baya yana goge hannu a wando.

"Nas, ke kika san wannan aikin," ya ce. Nas yake ce mini in yana son wani abu, alhali ko ƙofar makarantar koyon jinya ban taɓa takawa ba.

"Aikin mutane na sani. Wannan kuma wa ya ce maka mutum ne?"

Ya ce bari ya duba mai a mota, ya fita. Tun daga ranar mutumin nan bai ƙara bi ta baranda ba, sai dai ya zagaya ta ƙofar kicin kamar ɓarawo a gidansa.

Ni kuwa na yi abin da hannuna ya saba. Na jawo tsohuwar katifar yara, na shimfiɗa leda, na ɗora zani. Na yanka wata rigar maigida na sa masa don ƙuda. Maganin ciwo ina cusa shi cikin kifin gwangwani, in ya gane ya tofar in sake cusawa. Kafin in fita aiki in juya shi, in na dawo in juya shi, ina shafa ƙugunsa ina duba ko fata ta fara ja. In zai yi fitsari sai in zura tawul ta ƙarƙashin cikinsa, in kama bakin biyu, in ɗauke shi cak zuwa gindin katanga, ƙafafunsa uku suna ɗan shafar ƙasa. Karen ba ƙarami ba ne. Ran farko ma, da na ɗan sassauta, ya yi ƙoƙarin ɗaga ƙafar da ta rage yadda ya saba, muka zube tare a cikin abin da muka fito yi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne susa. Kunnensa na dama zai yi ƙaiƙayi, ya karkatar da kai, sai in ga wurin ɗinkin yana motsi, yana susa da ƙafar da babu. Ya yi ta yi, sannan ya tsaya ya dube ni. Sai in ajiye abin da nake yi in sosa masa. Daga baya ma ba na jira, da na ga ya karkatar da kai hannuna ya riga ya isa. Ruwa in riƙe masa kwano. Abinci ya ƙi ci daga kwano saboda mazurarin yana bugun ƙasa, na koma ba shi a tafin hannu, har aka cire mazurarin ban daina ba.

A lokacin wata tsohuwa nake jinya a wani gida mai bene, can ƙarshen layin motar haya. Jikinta ya mutu amma bakinta da ransa. Ina sunkuyawa zan juya ta sai ta ja hanci.

"'Yar nan, yau ma warin kishiyata kike yi."

"Kai, Kaka, wace kishiya kuma?"

"Wancan mai ƙafa ukun. Tun da ya zo kike hamma a kaina. Jiya cokali kika kai mini kunne."

Gaskiya ta faɗa. Ina barci a tsaye a tashar mota, ina barci a zaune in tsohuwar ta yi gyangyaɗi. Na dawo gida in tarar da zani ya jiƙe, in wanke, in shanya, in ɗauki tawul. Kafaɗata ta dama ta fara wani zugi da ko ɗankwali zan ɗaura sai na cije leɓe.

Aka cire zare, ciwo ya haɗe tsaf, gashi ya fara tsirowa. Kwalta bai tashi ba. Yana nan inda na ajiye shi, in na shigo ya buga jela a katifa, in na fita ya bi ni da kuka, wani siririn kuka mai shiga har ƙwaƙwalwa. Cinyar da ta rage ta tsotse, in na kama sai in ji ƙashi.

Wata safiya maigida yana shan shayi a tsaye a kicin, kukan yana shigowa ta taga, ya dire kofi.

"Ba zai tashi ba, Nas."

"Wa ya ce maka?"

"Ina da kunne. Ke kina ƙarewa, shi yana ƙarewa. Ni na jawo masa, ni zan kai shi. Ranar da ba ni da lodi zan mayar da shi wurin likita ta yi masa allurar nan, ya huta."

Na san allurar da yake nufi, wadda ba a farkawa. Na buɗe baki zan yi masa masifa, sai na ji wani ɓangare na jikina ya yi ajiyar zuciya, bayana da kafaɗata suna cewa to, a kai shi mana. Kunyar wannan ta fi gajiyar ciwo. Na ɗauki jakata na fita, a mota na kira likitar na roƙe ta ta biyo ta gidanmu in ta tashi daga aiki.

Ta zo da yamma da takalmin roba a ƙafarta, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yata ba, ita ma idonta duk gajiya. Ta durƙusa ta danna wurin ɗinkin, ta lanƙwasa ƙafar bayan ta miƙar, ta leƙa bakinsa. Sannan ta dubi katifar, da ledar, da tawul a kan igiya, da matashin da na tokare masa baya da shi.

"Anti, ina kwanon abincinsa?"

Na nuna mata tafin hannuna.

"Ruwa fa?"

"Ina riƙe masa."

"Fitsari?"

Na nuna tawul. Ina jira ta yaba, don duk gidan da na yi jinya ana yaba mini, majinyacina bai taɓa yin gyambon kwanciya ba. Sai ta zauna a ƙasa daɓas ta yi wata 'yar dariya marar ƙarfi.

"To Anti, ya tashi ya yi me? Ko ni aka yi wa haka ba zan tashi ba."

Raina ya ɓaci, na ce mata ni ba yau na fara jinya ba. Ta ce ta gani, ai shi ya sa. Ta ce mutanen da nake riƙewa ana gyara musu kwanciya ne, shi kuwa wannan ɓata masa kwanciyar za a yi. Lafiyarsa lau, ƙafar ce take mutuwa don ba a taka ta, kuma in aka ƙara jan lokaci ko ya so ba za ta ɗauke shi ba. A ɗauke katifa. A shimfiɗa tsofaffin buhuna a kan simintin don santsi. A ajiye kwano can nesa inda zai gani. Tawul kuma a mayar da shi banɗaki.

"Zai yi kuka, zai faɗi," ta ce tana karkaɗe siket. "Kada ki taɓa shi."

Faɗa da baki ba wuya. Washegari na ajiye kwanon a bakin famfo, na tsaya ina kallo. Ya dubi kwano, ya dube ni, ya fara kuka. Ni a aikina in majinyaci ya yi nishi kafin ya rufe baki na iso, da haka nake cin abinci. Ban san lokacin da na ɗauko kwanon ba, sai ganina na yi a durƙushe yana lasar hannuna. Kashegari na daure har ya yunƙura, ƙirjinsa ya bar ƙasa, ƙugun ya karkata zai kifa, sai ga hannuna a ƙarƙashin cikinsa. Ya saki jiki a kai, shi ke nan an gama. Na zauna a wurin na zagi kaina, na zagi likita, na zagi mai kayan da ya kira waya.

Maigida duk bai gani ba, kuka kawai yake ji, kuma kukan ya ƙaru. Na ce masa likita ta ce zai tashi. Ya ce likita ba ita take kwana a gidan ba.

Ranar da ba shi da lodi ta zo. Da safe na ji shi yana shimfiɗa kwali a bayan mota, ya buɗe ƙofar gida duka biyu, ya tayar da inji ya bar shi yana ɗumi. Ya zo ya tsaya a kusurwar gini, inda ba zai hango baranda ba.

"Ɗauko shi, Nas. Ni ba zan iya ba."

"Ni ma an hana ni ɗaukarsa," na ce. "Ka jira."

Ban ba Kwalta abincin daren jiya ba, wannan kaɗai na iya. Na juye kifi a kwano, na kai bakin famfo, na dawo na zauna a kan matakala nesa da shi. Na tura hannuwana biyu ƙarƙashin cinyoyina na danne su da nauyina, don na riga na san ba su da amana.

Ya fara kukan. Na kalli katanga. Ya ƙara murya, ya haɗa da haushi, yana jan buhu da farce. Ina jin hawaye yana gangarowa har wuyana, babu hannun sharewa. Ya kafa ƙafafun gaba ya ɗaga, ƙafar bayan tana rawa, ya kife ta gefen da babu komai, haɓarsa ta bugi ƙasa har na ji ƙarar haƙori. Cinyata ta ɗaga da kanta, na mayar da ita. Ya kwanta yana haki, yana kallona, ni kuma ina ce masa a zuci ka yi haƙuri, ka tsane ni in kana so. Ya daɗe a haka har na ce ya haƙura, har na ji maigida ya gyara murya zai yi magana.

Sai ya sake yunƙurawa. Wannan karon ya jawo ƙafar bayan zuwa tsakiyar cikinsa, ban san wa ya koya masa ba, ya tura. Ya tashi a karkace, baya a gantsare, jela tana neman inda za ta sa kanta. Ya yi tsalle ɗaya, ya tsaya. Ya ƙara.

Bai nufi kwanon ba. Ni ya nufo, da ɗan tsallensa mai ban tausayi, har ya iso matakala ya jingina gefen ɗinkin a ƙaurina, ya sakar mini nauyinsa duka. Jikinsa zafi, yana karkarwa. Duk abin da na iya a duniya yana ce mini in rungume shi.

Na janye ƙafata.

Ya yi tangal-tangal, ya dube ni da mamaki, irin kallon da ban taɓa bari wani majinyaci ya yi mini ba. Bai faɗi ba.

Na ɗaga kai na ga maigida ya fito daga kusurwar, hannunsa a kan baki.

"Je ka kashe motar nan," na ce masa. "Ka zo ka tsuguna can wajen kwanon ka kira shi. Ni in na kira shi ɗaukarsa zan yi."

Ya je ya kashe. Ya dawo ya bi ta gaban baranda, ya tsuguna a bakin famfo, ya kira sunansa. Kwalta ya ɗaga kunne. Ya juya a hankali, da ƙyar, ya ba ni baya ya tafi.