Matuƙiyar Kumbon Baba Moruf

Shakirat ta tsoma burushi a gwangwanin baƙin fenti, ta shafe fuskar Jang mahauci. Sau biyu kawai ta ja hannu mutumin ya ɓace daga jikin allon, aka bar hular kwano da rigar 'yan sama jannati a tsaye, ba kowa a ciki.

"Saura nawa?" muryar mahaifinta ta fito daga ɗaki.

"Sun ƙare, Baba."

"Ƙarya kike. Saura ɗaya."

Maƙwabciyarsu Magadaliya tana bakin ƙofarta tana tsince tsakuwa a acca, sai hannunta ya tsaya cak. Ta san allon da ake nufi. Yana rataye a ɗakinta, saman gado, shekara ashirin da ɗoriya ke nan.

Baba Moruf, mahaifin Shakirat, shi ne mai zanen allunan silima tun zamanin da mutanen Jos ke yin layi su ga fim. Wata shekara wani oga ya zo daga Legas da babban buri, wai zai yi fim ɗin mutanen da suka tafi wata duniya. Ya sa Moruf ya zana masa komai tukuna: kumbon, biranen, tufafin, har bindigogin. Moruf kuwa bai iya ƙirƙiro fuska daga ka ba, sai ya ga mutum a zaune. Haka ya cika sararin samaniya da 'yan unguwarsu ta bayan Abatuwa. Mai shayi ya zama injiniya, mai wanki da guga ya zama sarkin wata tauraruwa, har yau ana tsokanar jikokinsa. Oga ya tafi bai dawo ba, alluna suka zauna a sito. Abigel, 'yar Magadaliya, ita ce matuƙiyar kumbon. Tana da shekara sha tara, zazzaɓi ya ɗauke ta a daminar da ta biyo baya. Hotunanta suka ƙone da ɗakinsu lokacin rikici, sai wannan allon kaɗai ya rage a duniya mai ɗauke da fuskarta.

Yanzu ciwo ya kwantar da tsohon, tsoro ya shige shi. Ya ji a wa'azi cewa ranar lahira za a tsayar da mai zana surar mutum a ce ya hura mata rai. Kwana shida ke nan yana sa 'yarsa tana shafe fuskoki.

Da la'asar ya aika a kira Magadaliya. Ɗakin yana warin kananzir da man zafi. An jingina allunan a bango duka, mutane kusan talatin cikin fararen riguna, kowanne da baƙin rami inda fuska take. Tsikar jikinta ta tashi. Da fuskokinsu ba su taɓa ba ta tsoro ba.

"Maman Abigel, zauna," ya ce da Hausarsa ta Bayarabe, mai yawan mai da mace namiji. "Kullum suna zuwa. Da rana tsaka fa, ba mafarki ba. Su tsaya nan ƙafan gado, su buɗe baki suna jira. Na hura, na hura, iska ba ya fita."

"Zazzaɓi ne, Baba."

"Tun da Shakirat ya shafe su, sun daina. Saura yarinyarki. Shi kaɗai yake zuwa yanzu. Ba ya magana, yana kallona kawai."

"Abigel ba ta taɓa cutar da ko kaza ba."

"Na sani. Ni ne ba ni da abin da zan ba shi."

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Mutumin da ya nemo mata ɗaki a gidan nan sa'ad da ba ta da ko tabarma, wanda ya ɗauko allon da kansa ya buga mata ƙusa, yau shi ke neman ta binne 'yarta karo na biyu.

"Ni ba a koya mini haka a coci ba," ta ce, ta tashi.

"Ba ke za a tambaya ba, Maman Abigel."

A tsakar gida Shakirat ta riƙo mata hannu, ta yi ƙasa da murya. "Mama, bari in ɗauka miki a waya. Sai mu shafe na katako. Ba zai sani ba."

Magadaliya ta daɗe tana kallon wayar. Wallahi ta so. Amma zanen da ke cikin waya ma ai hannun Moruf ne, kuma ba ta ga yadda za ta yi wa mai shirin mutuwa wayo ba. Ta girgiza kai ta shige ɗaki.

Kwana biyu ba ta leƙa shi ba. Bangon da ke tsakaninsu siriri ne, tana jin komai. Ba nishi yake ba, ba tari ba. Huri yake, fuu, fuu, kamar mai tada garwashin da ya jiƙe. In ya tsaya sai ya ce, "Yi haƙuri, bari in sake."

Ran Alhamis da hantsi ruwa ya ɗauke. Ta sauke allon ta fito da shi haske, ta zauna a kan turmi ta ɗora shi a cinya. Ta bi fuskar a hankali: wushiryar, tabon da murhu ya bar mata a haɓa, girar hagu da ta fi ta dama tashi. Ta rufe ido ta gwada ko za ta gan ta a haka. Ta gani, amma haɓar ta gudu. Ta buɗe ta sake kallo. Har inuwar mangwaro ta bar tsakar gida tana nan.

Sannan ta shiga ɗakinsa. Idonsa a buɗe, yana kallon ƙafar gado. Shakirat ta miƙa hannu za ta karɓi allon.

"A'a. Ni na haife ta."

Ta jingina shi inda zai gani, ta durƙusa. Fentin ya yi kauri, burushin yana ja. Ta fara daga goshi. Da ta zo kan idanun, hannunta ya ƙi, sai da ta riƙe shi da ɗayan.

"Baba, ka gani? Ta tafi. Ka huta."

Bai amsa ba. Sai a lokacin ta lura hurin ya tsaya, kuma ba ta san tun yaushe ba. Shakirat ta taɓa ƙirjinsa, ta ɗora hannu a ka ta fara salati.

"Ya gani?" Magadaliya ta tambaya. "Shakirat, ya gani kafin?"

Shakirat ba ta ji ta ba. Maƙwabta suka fara shigowa, ana cire takalma a bakin ƙofa. Magadaliya tana durƙushe da burushi a hannu. Fentin bai bushe ba, yana sheƙi da hasken taga kamar madubi, kuma daga cikin hular kwanon wata tsohuwa tana kallonta.