Wankan Kyanwa

Tun ranar da sabulu ya shiga idon Auta, ita da ruwa ba sa ga maciji. Da ta ji ƙarar bokiti sai ta shige ƙarƙashin gado. Kwana tara muna haka. Dattin bai dame ni ba kamar yadda ta fara guduna, ni uwarta. Ko hannu na miƙa sai ta noƙe, abin yana ci mini rai.

Na sayo littattafan hoto har uku, ga giwa a baho da kumfa a ka, ga agwagwa riƙe da soso. Ta duba, ta taɓe baki.

"Ƙarya ne, giwa ba ta shiga baho."

Surukina, tsohon likitan dabbobi, yana jin mu daga kujerarsa. Mutum ne da bai iya gaggawa ba, ko shayi sai ya huce yake sha.

"Zo nan, sarauniyar ƙazamai," ya ce mata. "Zo ki ga gwanar wanka."

Ya ɗora ta a cinya a ƙofar kicin, inda kyanwarmu ke shan hantsi da ɗanta. Kyanwa ta lashi hannu, ta shafa fuska, ta zagaya bayan kunne, ta sake lasa, a natse.

"Kin lura ta rufe ido kafin hannun ya iso?"

"Ai ita ba wanda ya kwara mata ruwa a ka," in ji Auta.

Kunya ta kama ni. Haka nake yi mata kullum, ina sauri kar na makara aiki.

Can kyanwa ta jawo ɗanta tana lasar ƙeyarsa. Auta ta tambayi dalili.

"Nan ne harshensa ba ya kaiwa," ya ce. Sannan ya dube ni. "Zuba mata ruwa kaɗan a roba, 'yata. Ke kuma ki tsaya daga nesa."

Na tsaya a ƙofar banɗaki, hannuwana a baya. Auta ta tsoma hannu a ruwan, ta rufe ido, ta shafa fuska, ta bi bayan kunne. Wankan ya kusa cin awa ɗaya, ban ko kalli agogo ba. Ta yi ta miƙa hannu baya, abin ya gagara.

Sai ta juya mini baya, ta miƙo soso ta kan kafaɗa.

"Mama, nan ne ba na kaiwa."