Jirgin Ruwan Alhaji Jibirilla

Jirgin ya iso Gure ne a bayan kamiyo, babbar motar kaya, da shi da remok ɗinsa, tirela mai taya biyu da ake ɗora shi a kai a ja da mota, aka sauke su a bakin tasha kamar an kawo gawar dorina. Na ƙarfe ne, shuɗi, tsawonsa ya kai raƙuma biyu a jere. Kwana uku mutane suna zuwa kallo. Wasu suka ƙwanƙwasa cikinsa su ji amo, wata tsohuwa kuma ta tambaya ko kwamin shayar da shanu ne gwamnati ta aiko.

Mai jirgin shi ne Alhaji Jibirilla, tsohon ma'aikacin duwan, wato kwastan, wanda ya yi shekaru a gabas, bakin ruwa. Tun da ya ajiye aiki ya dawo gida, ba ya da zance sai na kifi. Yana da kwari a gabashin gari, da dabino da ɗan tabki wanda in damina ta yi kyau yakan kai ƙirjin mutum, ya yi wata huɗu ya janye. A cikin wannan ruwa ya ƙudurta zai yi yawo da inji.

Saura mai ja. Nan idonsa ya faɗa kan Tahiru, mijin ƴarsa Zuhura.

Tahiru yana da ƙaramar mota kat-kat mai ƙofa uku, fara, tsohuwa. Da ita yake kwaso albasa da ganyen salati daga kwaruruka zuwa kasuwa, da ita gidansa yake ci. Kafin ya same ta ya yi shekara tara a manyan motoci, saboda haka kallo ɗaya ya yi wa jirgin ya san ya kusa nauyin motar tasa, remok ɗin kuma ba shi da burkin kansa. Amma shekara goma sha ɗaya ke nan yana auren Zuhura, bai taɓa cin abinci gaban mahaifinta ba, bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa ce masa a'a ba. Ya roƙi Zuhura ta yi wa tsohon magana. Ta dube shi ta ce shi da yake namiji ya kasa, ita ce za ta iya? Ta ci gaba da tankaɗe.

Da safe aka taru a tasha. Duk wanda bai taɓa taɓa mota ba ya zo da shawara. Alhaji ya kira Aisami, shugaban masu amalanke, ya ɗora shi kan lodi, don a cewarsa mutumin da ya yi shekara arba'in yana ɗaure kaya ba ya neman darasi.

Aisami ya zagaya, ya tsuguna, ya ga yadda bayan motar ya ɗan sunkuya da aka saƙala remok. Ya girgiza kai. Ya ce wannan zalunci ne, ko jaki ba a danne masa gadon baya haka. Ya sa ƙarti suka tura jirgin baya, suka ƙara turawa, har wuyan remok ya yi sakayau, mutum ya ɗaga shi da hannu ɗaya. Sannan ya sa aka jibge injin jirgin a can ƙarshe, da jarkokin mai, da buhu shida na siminti da Alhaji zai gina matakala a bakin ruwa.

"Ka gani, Alhaji? Yanzu yarinyar ba ta jin komai. Kamar ta ɗauki auduga."

Jama'a suka yaba. Wani ya ce ilimi ba a lakwal, makarantar boko, kaɗai yake ba.

Tahiru yana gefe, hannu a baya. Ya san amalanke na tafiyar jaki ne, mota kuwa gudu take. Ya san dole nauyi ya rinjaya gaba, ya danne ƙugiyar da ta haɗa remok da mota, in ba haka ba wutsiya ce za ta tuƙa kai. Ya yi niyyar faɗa. Sai Alhaji ya waiwayo ya ce, "Ko akwai magana, Tahiru?" Ya dubi ƙasa ya ce babu, Baba. Abin da ya iya yi kawai, ya ƙara wa tayoyi iska, ya ɗaura sarƙa biyu tsakanin mota da remok, ya gicciya su. Aisami ya yi dariya ya ce yaran yanzu ko akuya za su ja sai sun nemi sarƙa.

Alhaji ya zauna gaba da babbar riga da carbi. Aisami ya shige baya, don ya ga aikinsa.

Cikin gari lafiya lau, tafiyar shanu. Da suka hau titin gudro, wato kwalta, Alhaji ya fara ƙorafi: mai keke ma zai wuce su, mutane suna kallo, a ba ta wuta. Tahiru ya ƙara kaɗan. Aka ce ya ƙara. Ya ƙara.

A gangaren tudu na uku abin ya fara. Cikin madubi Tahiru ya ga shuɗin hancin jirgin ya leƙo dama, ya koma, ya leƙo hagu. Kamar saniya tana korar ƙuda da wutsiya, da farko a hankali. Sai bayan motar ya soma bin sa. Carbin Alhaji ya bugi gilashi. Aisami ya kama salati, hularsa ta faɗi. Ga kwazazzabo a hannun dama, ga kamiyo yana tahowa daga nesa.

"Taka burki," in ji Alhaji. "Tahiru, na ce ka taka burki."

Tahiru ya san in ya taka da ƙarfi jirgin zai zo ya naɗe su, motar ta kife, gobe ba albasa ba salati. Ya riƙe kan motar cak da hannu biyu, ya daina ba ta wuta, ya bar ta tana rage gudu da kanta.

"A'a, Baba."

Alhaji ya buɗe baki bai rufe ba. Shi a lokacin ba kwazazzabon ne ya fi ba shi mamaki ba.

Wutsiyar ta kaɗa sau biyar, sau shida, kowane kaɗawa bai kai na baya ba. Da suka sauka gangaren ta lafa. Kamiyon ya wuce yana hon. Tahiru ya gangara gefe a hankali, ya kashe mota, ya fita.

Tunda ya riga ya ce a'a, sai Tahiru ya ƙarasa. Ya tsuguna gaban surukinsa yadda ya saba, idonsa a ƙasa, ya ce za a tura jirgin gaba, inji ya dawo tsakiya kan tayoyi, siminti ya sauka ya jira wani sawu. Kuma inda gudro ya ƙare, nan motarsa za ta tsaya, ba za ta shiga yashi da wannan kaya ba. In ba a yarda ba, zai kwance ƙugiya a nan.

Aisami ya fara cewa a shekara arba'in ɗinsa, sai Alhaji ya ce masa ya nemi hularsa tukuna.

Wasu makiyaya da ke wucewa suka taya su turawa. Aisami da kansa ya sauke simintin da ya sa aka ɗora, buhu buhu, yana haki. Bayan motar ya sake sunkuyawa kaɗan, jirgin kuma ya bi ta tiryan-tiryan kamar ɗan maraƙi. Sauran hanyar ba wanda ya ce a ba ta wuta.

A mararrabar kwarin Tahiru ya kwance remok, ya sa duwatsu ƙarƙashin tayoyi, ya yi sallama. Alhaji ya kau da kai. Washegari shanun Aisami huɗu suka ja jirgin cikin yashi, tun hantsi har la'asar, mai shi yana biye a ƙafa da lema. Da aka tura shi ruwa ya yi tafiya kamar taku ashirin, injin ya shaƙi laka, ya tsaya. Yana nan har yau. Balbelu sun mai da shi masauki, in ruwa ya janye kuma masu lambu suna shanya barkono a ciki.

Juma'a uku Tahiru yana zuwa gaisuwa, ya tsuguna a zaure, tsohon yana kallon bango. A ta huɗu, da ya tashi tafiya, Alhaji ya yi gyaran murya. Bai dube shi ba, ya ce simintin nan yana can bakin hanya, in motar tana iya ɗaukar buhu shida.

Tahiru ya ce uku-uku za ta ɗauka, Baba, sawu biyu.

Alhaji ya ja carbi ya ce to.